Mai Rabon Faɗan Suga da Barkono

A cikin direbobinmu 'yan Najeriya da ke Riyad, Ɗalhatu Sabo kaɗai na sani wanda aka sabunta wa iƙama saboda rabon faɗa. Iƙama ita ce katin izinin zama, wanda in mai gidanka bai sabunta maka ba sai ka fara ɗaure kaya. Faɗan kuwa ba na mutane ba ne. Na wasu dabbobi biyu ne da tsawon kowannensu bai wuce kamu guda ba.

Ni Uwaisu, ɗinki nake yi a unguwar Batha, a wani shago da ke saman bene inda Hausawa kan taru bayan sallar Juma'a a ci tuwo, a sha shayi, a zagi tsadar kaya a gida. A nan na san Ɗalhatu. Mutumin Malumfashi ne, gajere, siriri, mai furfura a gemu, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wannan hali nasa yana burge mutane. Ni kam sau da yawa haushi yake ba ni, domin kana zuba masa magana kana kumfar baki, sai ya dube ka ya ce, “To, Allah ya kyauta,” ya ci gaba da hura shayinsa.

Bas yake ja tsakanin Funtuwa da Kano kafin wani ejan ya samo masa bizar direban gida. Ya fi shekara ashirin a gidan Abu Kamil, wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai ƙaton gida a bayan dogayen benayen unguwar Ulaya. Shi ya kai yaran gidan makaranta tun suna kuka a kujerar baya, shi ya kai su jami'a, shi ya ɗauko kayan lefen manyan. Nasa 'ya'yan kuwa a waya suka girma. Yakan je gida jefi-jefi, ya tarar wannan ya yi tsawo wancan ya canza murya, ya dawo. Saura autarsa Bilƙisu da ke karatun ungozoma, kuma ya yi wa matarsa Fatsuma alkawarin ba zai ajiye sitiyari ba sai yarinyar ta gama. A lokacin da wannan abu ya faru shekara biyu suka rage mata.

Sai aka ba matan ƙasar izinin tuƙin mota. Mu da muke Batha mun ga abin da ya biyo baya da idonmu. Yau wannan direba ya zo yi mana sallama, jibi wancan. Shi kuwa Ɗalhatu, don kirki ne ko don wauta ban sani ba, da kansa ya riƙa kai 'yan matan gidan wani fili da babu kowa yana koya musu ribas da shiga kwana. Har Ummu Kamil, matar gidan, wadda ke rufe ido in ta ga tirela, sai da ta iya. Daga nan aikinsa ya koma sayo burodi da wanke motocin da ba su yi datti ba.

Ana cikin haka Lulwa, autar Abu Kamil, ta shigo da dabbobin nan daga wani shagon sayar da dabbobin gida. Ban taɓa ganin irinsu a ƙasarmu ba. Jiki dogo mai laushi kamar safar da aka cusa wa auduga, ƙafafu gajeru, fuska irin ta marasa gaskiya. Lulwa da sunan Turawa take kiransu, feret. Ɗalhatu da ya shaƙi warinsu ya ce ai waɗannan dangin bodari ne, shi ke nan suka zama 'yan bodari a bakinmu. Dukansu maza ne, haihuwa ɗaya. Ƙaramin fari ne, babban mai duhun jiki da baƙin zane a ido. Sunayen da ta sa musu na Larabci ne, Ɗalhatu ya mayar da su Suga da Barkono.

Ummu Kamil ta ce wannan wari ba zai kwana mata a cikin gida ba. Sai aka kai su wani ɗan ɗaki kusa da na direba, a bakin ƙofar gida, aka sa musu na'urar sanyaya ɗaki domin zafin Riyad kashe su yake yi. Na je na gani, na'urarsu ta fi tasa ƙarfi, kuma na faɗa masa ra'ayina a kan haka.

Suna ƙanana lafiya lau suke. Su yi tsalle-tsalle, su saci silifas su ɓoye a bayan keji, su kwanta ɗaya kan ɗaya su yi ta barci kamar matattu. Da suka balaga abu ya canza. Aka kai su wurin likitan dabbobi aka yi musu fiɗiya, rigimar ta ragu sosai, amma ba ta ƙare ba. Sai a yi kwanaki shiru, rana ɗaya Barkono ya cafki ƙeyar Suga, ya girgiza shi, ya ja shi a ƙasa har bayan keji. Suga ya yi ta wata irin ƙara mai tsinka zuciya, ya saki kashi don tsoro. Mai aikin gidan ta taɓa sa hannu ta raba, aka huda mata yatsa, ta rantse ba za ta ƙara shiga ɗakin ba. Lulwa kuwa sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Ɗalhatu ne ya shiga da tawul, ya lulluɓe su, ya kama fatar wuyan Barkono ya ɗaga shi sama. Dabbar ta saki, ta yi hamma, ta rataye a hannunsa kamar ba ita ba.

Da lokacin sabunta iƙamarsa ya zo, Abu Kamil ya kira shi falon baƙi ya zuba masa gahawa da hannunsa. Duk direban da aka zuba wa gahawa da hannun mai gida ya san abin da ke tafe.

“Ya Ɗalha,” in ji Abu Kamil, “kai ɗan gida ne, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu kowa yana jan motarsa.”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

“Na yi niyyar in sallame ka bana. Amma Lulwa ta hana ni sakat, ta ce in ka tafi dabbobinta za su kashe juna. To, muddin suna buƙatar mai tsaronsu, kana nan.”

Ranar da ya ba mu wannan labari a shago an yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce a sauya masa sana'a a kati a rubuta alƙalin bodari. Ni ban yi dariya sosai ba. Dattijon da ya ja mota shekara ashirin bai taɓa goge ta a jikin bango ba, yau zamansa ya rataya a haƙoran wata dabba mai wari. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce aiki aiki ne.

Kuma ya riƙe shi aiki. Ya tambayi likitan, ya sa Lulwa ta nuna masa bidiyoyi a waya, sauran ya koya da zama a kan bokiti yana kallonsu. Ya gane wasa daban, faɗa daban. In suna tsalle a karkace, baki buɗe, suna wani ɗan ƙus-ƙus, wannan ya kori wancan, wancan ya juyo ya kori wannan, to wasa ne, ko da an ɗan ja ƙeya ba a sa musu baki. Amma in jela ta kumbura, ɗaya yana gudu ba ya waiwaye, ga ƙara ga fitsari, to sai tawul. Bayan kowane faɗa yakan raba musu keji, ya jera kusa da juna yadda za su ga juna ba su taɓa juna ba. Kullum da safe ya musanya musu tsumman kwanciya, na wannan ya koma wurin wancan. Kwanon abinci biyu, na ruwa biyu, don kada a ce wani ya ci na wani. Sai ya ga hankali ya kwanta, ya kai su garejin mota, inda babu wanda zai ce nan gidansa ne, ya ɗiga man kifi a cokali ɗaya ya miƙa musu. Su yi ta lasa kai da kai har su manta suna gaba. A haka zai lallaɓa su har su koma keji ɗaya.

Sai Juma'a ta zo, gini ya rushe. Ba kowace Juma'a ba, amma galibi ita ce. Ɗalhatu ya lura da haka, ya ɗora laifin a kan jikokin Abu Kamil, domin ranar ce duk dangi ke taruwa a gidan, yara su yi ta ihu suna buga ƙofar ɗakin. Ya sa kwaɗo a ƙofar, bai hana ba. Wani malami cikin masu zuwa shagona ya ce a yi musu tofi, Ɗalhatu ya ce bai san hukuncin tofi ga bodari ba.

Cikin su biyun Suga ne nasa, wannan kowa ya sani. Barkono ya taɓa kafa masa haƙori a babban yatsa, tun daga nan ba ya ɗaukarsa sai in rabo ya kama. Suga kuwa yakan cusa shi a gaban jallabiyarsa, dabbar ta leƙo da kai ta wuyan riga, yana yi mata hira da Hausa. Na taɓa jin yana ba shi labarin jarrabawar Bilƙisu.

Da azumi ya kama, faɗa ya ɗauke ɗif. Juma'a ta zo ta wuce shiru, wata ta zo ta wuce. Muka ce ashe har shaiɗanun bodari ake ɗaurewa. Ɗalhatu yana murna, amma murnar da sauranta, domin wata rana bayan shan ruwa Abu Kamil ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye shi, “Kwana biyu ban ji su ba, sun shirya ne?” Ɗalhatu ya san inda tambayar ta dosa.

Ranar Sallah abin ya fito fili. Ɗalhatu mutum ne mai turare, irin mai maiƙon nan da ake aunawa a ƙananan kwalabe a Batha, wanda in ya gaisa da kai sai ka wuni da shi a hannu. Ba kullum yake shafawa ba, na Juma'a ne da Idi. Da azumi kuwa ba ya taɓa shi sam, domin malaminsu na Malumfashi ya ce musu makaruhi ne ga mai azumi, kuma duk shekarun da ya yi yana ganin Larabawa suna shafa nasu da rana tsaka bai sa ya canza ba. To ranar Idi sai ya rama na wata guda. Ya shafa a tafin hannu, a gemu, a ƙirjin riga. Da aka sauko ya shiga yi wa 'yan bodari barka da Sallah, ya ɗauki Suga ya cusa a riga kamar yadda ya saba, ya mayar da shi.

A sauran ranaku yana ajiye shi yake fita, sai dai ya jiyo ƙara ya dawo da gudu. Ran nan ya tsaya gyara musu ruwa, don haka a gabansa aka yi. Barkono ya taso daga barci ya nufo ɗan'uwansa, ya sunsuni wuyansa, ya ja da baya. Ya sake sunsunawa. Jelarsa ta kumbura. Kafin Ɗalhatu ya kai hannu ga tawul an riga an yi jina-jina, irin wanda ba a taɓa yi ba.

Ya naɗe Suga a tawul ya ɗago shi kusa da fuskarsa don ya duba raunin, sai ya ji ƙamshin turarensa a jikin gashin. Nan take ya tuna likitan ya taɓa gaya musu cewa dabbobin nan idonsu ba shi da ƙarfi, da hanci suke gane juna. Lulwa ma tana da nata turaren, amma ita tare take rungumarsu, ƙamshi ɗaya ya kama su duka. Shi kuwa ɗaya yake ɗauka. Ashe duk Juma'ar da ya dawo daga masallaci ya ɗauki na hannun damansa, baƙo yake mayar wa Barkono cikin keji.

Washegari ya zo shagona, babu kowa sai ni. Ya zauna a kan buhun yadi ya faɗa mini duka, yana kallon tafin hannunsa.

Na kashe keken ɗinki na ce, “Yaya Ɗalha, wa ka faɗa wa?”

“Kai kaɗai.”

“To maganar ta mutu a nan. Ka ji abin da mai gidanka ya ce da bakinsa. Ranar da suka shirya, ranar za a yanka maka tikiti.”

“Na sani.”

“Ba cewa na yi ka bari su kashe juna ba. Sau ɗaya a wata, ɗan kaɗan a yatsa, kana tsaye da tawul a hannu. Su yi ƙara a ji a cikin gida, ka raba. Wa aka cuta?”

Ya ce, “Uwaisu, ɗinki aka yi masa a wuya jiya. Ni na riƙe shi. Kai tela ne, ka san yadda allura ke shiga ta fita.”

“Dabba ce fa. Bilƙisu kuma 'yarka ce.”

Na ɗauka na ci nasara. Can ya ce, “Da ban sani ba, wannan daban. Yanzu na sani. In na shafa na ɗauke shi, ni na cije shi, ba Barkono ba. Kuma shi da ya gan ni tahowa yake yi da gudu ya hau ƙafata.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa tausayin da ba ya kallon gida ba tausayi ba ne, na ce da yawa ma waɗanda suka fi wannan zafi. Har yau ban ce na yi kuskure ba, domin ni na ga mutanen da aka sallama, na san yadda suke komawa. Ya saurare ni har na gaji, ya ce Allah ya kyauta, ya sauka.

Na so a ce ko turaren kawai ya bari ya yi shiru, a ɗauka ƙwarewarsa ce ke riƙe da zaman lafiyar. Ina, sai da ya je ya faɗa wa Lulwa. Dalilinsa wai tun ranar Idi ta tsani Barkono, ba ta kallonsa, tana kiransa mugu, shi kuma ba zai bari a ɗora wa dabba laifin da ba nata ba. Ya ce mata, “Ba mugu ba ne, ɗan'uwansa yake nema bai samu ba.” Ya nuna mata komai: a wanke hannu kafin a shiga, in za a ɗauka a ɗauke su tare, in an kai ɗaya asibiti a goga musu tsumma ɗaya kafin a haɗa su. Ta rungume Barkono tana ba shi haƙuri, ta ce, “Allah ya saka maka, Baffa Ɗalha.” Yarinya ce, ba ta hango inda maganar za ta ƙare ba.

Wuyan Suga ya warke. Ɗalhatu ya sake bin matakansa daga farko, keji biyu, musanyar tsumma, gareji, cokali, har suka koma wuri ɗaya. Daga nan ba a ƙara faɗa ba. Ya koya wa kansa ɗaukar Barkono ma, ya ce ashe shi ma yana son a sosa masa bayan kunne, ba a dai taɓa tambayarsa ba. Watanni suka wuce. Mai aikin gidan da ta yi rantsuwa ta koma shiga tana zuba musu abinci. Kwaɗon ƙofa ma aka cire, jikoki suna shiga suna fita, ko gezau. Ɗalhatu yakan zo Juma'a ba ƙamshi, ya zauna ya ci tuwonsa. Ni kuwa ban ƙara tayar da maganar ba.

Da shekara ta zagayo aka sake zuba masa gahawa. Abu Kamil bai wulaƙanta shi ba, gaskiya. Ya ba shi haƙƙinsa cif, ya ƙara da kyauta, ya ce duk ranar da ya zo Umara gidan nan gidansa ne. Lulwa ta yi kuka ta yi roƙo, uban ya ce ta kawo masa dalili ɗaya, ta rasa. Mun buga ko'ina muna neman wanda zai karɓe shi, amma ba mai neman direban da gemunsa ya yi fari. Saura wa Bilƙisu shekara guda. Da na tambaye shi yadda zai yi, ya ce hanyar Funtuwa zuwa Kano tana nan inda ya bar ta, zai nemi mai bas da ke son tsoho mai haƙuri. Ni na san yadda gwiwoyinsa suke in ya daɗe a zaune, shi ma ya sani.

Ni na raka shi filin jirgi. Na tari tasi muka ɗauke shi a ƙofar gidan da hantsi, da akwati biyu da kwalin dabino. Yana shigowa motar ta cika da ƙamshin nan da na kwana biyu ban ji ba. Ya sa sabuwar jallabiyar da na ɗinka masa. Muka yi nisa yana ta kallon titunan da ya sani kamar tafin hannunsa.

Na ce, “Yaya Ɗalha, ka yi sallama da mutanen naka?”

“Na leƙa ta taga. Barci suke, Suga ya ɗora kai a cikin Barkono.”

“Ba ka ɗauke shi ba? Ko sau ɗaya?”

Ya juya tafin hannunsa ya duba.

“Na riga na shafa turare,” ya ce. “Fatsuma za ta zo tarye na.”